Gishiri mai yanayin kiristal mai gudana: zai iya ɗaukar lantarki kuma ya ba da haske a lokaci guda?

Ɗalibar Sinadarai ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina karatun digiri na biyu a fannin kimiyyar sinadarai, kuma ina shirin tsara aikin bincikena a kan wani rukunin gishiri wanda idan aka ɗumama shi ba ya narkewa kai tsaye ya zama ruwa, sai ya fara shiga wani yanayi na tsaka-tsaki, yana gudana amma ƙwayoyinsa suna nan a jere, wato yanayin da ake kira kiristal mai gudana. Kusan duk takardun binciken da na karanta suna buɗewa da alkawari iri ɗaya, cewa waɗannan sinadarai za su yi amfani a batir da faifan sola da fitilu da allunan waya, saboda suna ɗaukar lantarki kuma wasu daga cikinsu suna fitar da haske idan an haska su da fitilar UV.

Abin da ya shige mini duhu shi ne ko waɗannan halaye biyu suna tafiya tare a cikin sinadari guda, ko kuwa kowannensu yana da irin gishirin da ya dace da shi. Haka kuma ban gane dalilin da ya sa canja anayon kaɗai (ɓangaren gishirin mai cajin negatif), alhali katayon (ɓangaren mai cajin fozitif) yana nan yadda yake, yake iya shafe yanayin kiristal ɗin gaba ɗaya ba. Na haɗa gishiri mai katayon imidazoliyum (ƙaramin zobe mai caji) mai sarƙar kabon 16 da anayon buromaid, na same shi fari kamar gari, amma tun da damina ta kama sai ya fara danƙo a cikin kwalba, kuma da na ɗumama shi na duba a ƙarƙashin madubin ƙara girma mai matatan haske biyu, ban ga komai ba sai duhu. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a wannan fanni kafin in miƙa wa mai duba aikina tsarin binciken, domin kada in ɗauko abin da ya fi ƙarfin kayan aikin da muke da su.

Tsohon Malami ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Zan fara da tambayarki ta biyu, domin idan aka gane yadda wannan yanayi yake samuwa, sauran al'amarin zai zo da sauƙi.

Gishirin girki yana narkewa ne a digiri 801 na ma'aunin Salshiyas, saboda ayon ɗinsa, wato ƙwayoyinsa masu caji, ƙanana ne masu siffar ƙwallo, suna matsowa kusa da juna sosai, kuma ƙarfin da yake riƙe su yana da girma. Idan aka yi amfani da manyan ayon marasa daidaiton siffa, waɗanda cajinsu ya bazu a kan atom da yawa, riƙon yana raguwa har gishirin ya narke a ƙasa da digiri 100. Paul Walden ya nuna haka tun a 1914 da gishirin etilamoniyum naitiret, wanda yake narkewa a digiri 12. A ɗaya ɓangaren kuma, Friedrich Reinitzer ya lura a birnin Prag a 1888 cewa wani sinadari da aka samo daga kolesterol yana narkewa sau biyu: a digiri 145.5 ya zama ruwa mai gajimare, a digiri 178.5 kuma ya washe. Abin da kike nazari shi ne inda waɗannan hanyoyi biyu suka haɗu, kuma ba sabon abu ba ne kamar yadda gabatarwar takardun nan take nunawa, domin Knight da Shaw sun ba da rahoton gishirin firidiniyum (wani katayon mai zobe) mai doguwar sarƙa da yake shiga wannan yanayi tun a 1938. Sabulu ma kansa gishiri ne mai doguwar sarƙar kabon, kuma yana cikin sinadaran farko da aka ga wannan hali a jikinsu.

Ga yadda abin yake. Katayon ɗinki yana da kai mai caji da kuma jela ta kabon wadda ba ta da caji. Kawunan suna son zama tare da anayon, jelolin kuma suna son zama da 'yan'uwansu jeloli, don haka sai sinadarin ya raba kansa hawa-hawa: shimfiɗar caji, shimfiɗar jeloli, shimfiɗar caji, haka har ƙarshe. Idan zafi ya kai wani mataki, jelolin su ne suke fara narkewa, suna motsi kamar mai, amma ƙarfin cajin yana ci gaba da riƙe shimfiɗun a inda suke. Wannan shi ne yanayin da ake kira simektik A, kuma shi ne aka fi samu a wannan rukuni. Yanayin nematik, inda ƙwayoyin suke fuskantar gefe guda ba tare da shimfiɗu ba, wanda shi ne ake amfani da shi a allon LCD na talabijin da waya, da wuya ake samunsa a gishiri, saboda cajin yana tilasta wa ƙwayoyin su taru shimfiɗa-shimfiɗa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna miki cewa ba a maganar maye gurbin ruwan da yake cikin allon waya da waɗannan sinadarai. Ayon masu yawo ma illa ne a cikin irin wannan allo, masana'antu suna kashe kuɗi wajen cire su.

Daga nan za ki ga dalilin da ya sa tsawon sarƙa da girman anayon suke da tasiri haka. Idan jelar ta yi gajarta, ba ta iya gina shimfiɗar kanta, sai a samu narkakken gishiri kawai. A imidazoliyum mai sarƙa ɗaya, rukunin Kenneth Seddon a Belfast ya nuna a ƙarshen shekarun 1990 cewa da anayon BF4 ana fara ganin simektik daga kabon 12, da PF6 kuma sai an kai kabon 14. Kuloraid da buromaid su ne suka fi ba da faɗin zangon zafin da gishirin yake zama a simektik, domin ƙanana ne kuma suna manne wa kan katayon da ƙarfi. Anayon Tf2N kuwa babba ne, mai lanƙwasa, cajinsa a warwatse, don haka yana faɗaɗa shimfiɗar caji har jelolin su kasa cike wurin da ke ƙarƙashinta, sai jerin ya rushe. Shi ya sa idan kika musanya buromaid ɗinki da Tf2N za ki iya samun gishiri mai saurin narkewa, marar shan ruwa, mai jure zafi, amma babu yanayin kiristal ko kaɗan. A ganina wannan shi ne ciwon kan wannan fanni: anayon da ya fi kyau wajen aiki shi ne ya fi ɓata jeri. Mafita ɗaya da aka samu ita ce amfani da katayon mai caji biyu, kamar bayolojen, wanda ake haɗawa daga sinadarin 4,4'-baifiridin. Da yake cajin ya ninka, riƙon yana da ƙarfin da zai jure Tf2N, kuma rukunin Pradip Bhowmik a Jami'ar Nevada da ke Las Vegas da na Giacomo Saielli a Padova ta Italiya sun samu irin waɗannan gishiri masu yanayin simektik, har da wani nau'i da ake kira simektik T, inda ayon suke jeruwa murabba'i-murabba'i a cikin kowace shimfiɗa.

Maganar duhun da kika gani kuwa, kada ki yi saurin yanke hukuncin cewa samfurinki bai yi ba. Irin wannan gishiri yana da ɗabi'ar kwantar da shimfiɗunsa a kan gilashi, jelolin suna tsaye, kuma idan hasken madubin ya bi tsawon jelolin, matatan biyu da suka gitta juna ba sa barin komai ya wuce, sai a ga baƙi kamar na ruwa zalla. Ki sa bakin allura ki ɗan danna gilashin sama yayin da samfurin yake da zafi, ko ki ɗan goga shi gefe. Idan simektik ne, za ki ga walƙiyar haske da zirin layuka masu sheƙi kamar mai a inda shimfiɗun suka karkace, sa'an nan su ɓace idan kika saki. Ki kuma duba gefen ɗigon da kewayen kumfar iska, nan ne haske yake yawan fitowa. Idan kika ɗumama har ya washe sa'an nan kika bar shi ya huce a hankali, sau da yawa siffofi masu kama da mafici suna bayyana, kuma su ne shaidar da aka fi amincewa da ita kafin a kai ga gwajin DSC, mai nuna zafin da sinadari yake sauya yanayi, da na X-ray.

Injiniyan Batir ya amsa:

Malam ya yi bayanin tsarin yadda ya kamata. Ni zan yi magana ne a kan ɗaukar lantarki, kuma ina ganin ya dace Malama ta rage buri a wannan ɓangare tun kafin ta rubuta tsarin bincikenta.

Da farko a rarrabe abu biyu. Wayar tagulla tana ɗaukar lantarki ne ta hanyar elektiron, kuma ma'auninta ya kai kusan 600,000 S/cm, wato ma'aunin sauƙin ɗaukar lantarki. Gishirin da muke magana a kai yana ɗaukar lantarki ne ta hanyar motsin ayon ɗin kansu, waɗanda manya ne kuma dole su kutsa tsakanin maƙwabtansu. Ruwan da ke cikin batirin litiyum na waya yana ba da kusan 0.01 S/cm a zafin ɗaki, kuma narkakken gishiri mafi tsinkewa, kamar imidazoliyum mai gajeriyar sarƙa da Tf2N, yana kusa da haka. Da zarar an tsawaita sarƙar zuwa kabon 12 ko 16 domin a samu jeri, an yi asara ta fuska biyu: sinadarin ya yi kauri, kuma babban kaso na jikinsa ya zama jelolin da ba sa ɗaukar komai. Saboda haka a zafin ɗaki yawancin waɗannan sinadarai suna ƙasa da ruwan batir nesa ba kusa ba, kuma alkaluman da suke burge mai karatu a takardu galibi an auna su ne a zafin da ya kai ko ya wuce digiri 100. A duk lokacin da kika ga lamba mai kyau, ki nemi zafin da aka auna ta.

To mene ne ribar? Ribar ita ce alkibla. Ayon suna tafiya cikin sauƙi a tsawon shimfiɗar caji, amma da ƙyar suke tsallake shimfiɗar jeloli, kamar yadda ruwan ban-ruwa yake bin kwarin kunya ya yi nisa amma ba ya haura kunyar ya shiga ta gaba. Bambancin da ke tsakanin alkiblun biyu yana iya kai ninki goma ko fiye da haka sosai, gwargwadon sinadarin da kyawun jerinsa. Rukunin Takashi Kato a Jami'ar Tokyo, tare da Masafumi Yoshio da Hiroyuki Ohno, sun nuna a 2004 cewa imidazoliyum mai siffar mafici, mai jeloli uku, yana taruwa ginshiƙi-ginshiƙi, cajin yana tsakiya, ayon suna bin tsawon ginshiƙin. A 2007 kuma sun fito da tsarin da hanyoyin ayon suka saƙu ta kowace fuska, wanda ake kira kubik mai hanyoyi biyu, kuma amfaninsa shi ne ba ya buƙatar a jera shi kafin ya yi aiki. Sun kuma nuna cewa ana iya daskarar da jerin ta hanyar haɗe jelolin da hasken UV, a samu fatar roba mai hanyoyin ayon a cikinta. A wurina wannan na ƙarshe shi ne ya fi kusa da abin da masana'anta za ta iya karɓa, domin ba wanda yake son batirin da halinsa zai canja idan zafin rana ya tura shi daga wani yanayi zuwa wani.

Akwai misali ɗaya da jeri ya yi nasara a fili. A 2005 Yamanaka da abokan aikinsa a Jami'ar Osaka sun saka imidazoliyum ayodaid mai kabon 12, wanda yake simektik, a cikin ƙwayar sola mai rini irin wadda O'Regan da Grätzel suka gabatar a 1991, suka kwatanta shi da mai kabon 11 wanda ba ya jeruwa. Mai jerin ya fi kauri, amma ya fi ba da lantarki, saboda ayodaid da tarayayodaid sun cunkushe a shimfiɗa ɗaya, suna miƙa wa juna caji ta hanyar musayar atom ba tare da kowannensu ya yi doguwar tafiya ba. Ki lura cewa wannan dabara ta ayodin ce, litiyum ba ya yin haka. A batirin litiyum ma akwai ƙarin matsala, domin abin da ake so ya motsa shi ne litiyum kaɗai, alhali na'urar aunawa tana ƙirga motsin dukkan ayon, har da na gishirin kansa wanda ba ya amfanar batirin da komai.

Abin da Malam ya faɗa game da kwanciyar shimfiɗu a kan gilashi yana da sakamako a wajen aunawa. Idan kika matse samfurin tsakanin gilasai biyu masu rufin ITO, wato siririn rufi mai ɗaukar lantarki wanda haske yake ratsawa, shimfiɗun za su kwanta daidai da gilasan, kuma abin da za ki auna shi ne tsallaken kunya, wato alkibla mafi muni. Domin ki auna tsawon shimfiɗa kina buƙatar elektirod masu siffar haƙoran mataji da aka shimfiɗa a kan gilashi ɗaya. Wanda ya auna ta hanya ɗaya kawai bai nuna komai game da amfanin jeri ba.

Mai Binciken Haske ta amsa:

Ƙanwata, tambayarki ta farko ita ce ba a taɓa ba tukuna, kuma amsarta a taƙaice ita ce halayen biyu suna iya zama a sinadari guda, amma abin da yake taimakon ɗaya sau da yawa yana cutar da ɗayan.

Imidazoliyum ɗinki mai buromaid ba zai ba ki hasken a zo a gani ba, domin zobensa ƙarami ne kuma ba ya shan haske sai can cikin UV. Idan kika ga ɗan shuɗin haske daga gare shi, ki fara zargin datti da ya samu lokacin dafawa. Kafin gishiri ya fitar da haske sai an gina masa ɓangaren da zai yi wannan aiki, kuma hanyoyin da aka fi bi guda biyu ne. Ta farko ita ce a faɗaɗa katayon da zobba masu haɗe da juna, kamar a saka zoben tayofin ko na benzin tsakanin firidiniyum biyu. Bayolojen na asali kusan ba ya haske, amma wanda aka faɗaɗa yana yi. A 2014 Amerigo Beneduci da abokan aikinsa a Jami'ar Calabria ta Italiya sun wallafa aiki a kan irin wannan sinadari mai tayofin, wanda yake kiristal mai gudana, yake ɗaukar ayon, kuma ana iya canja launinsa da haskensa ta hanyar ba shi ƙaramin lantarki. Asalin abin yana cikin halin bayolojen: idan ya karɓi elektiron ɗaya yana rikiɗa ya zama mai launi mai duhu, shuɗi ko shunayya, kuma da wannan hali ne ake yin madubin mota mai dusashewa da kansa idan fitilar motar baya ta haska shi da dare. Hanya ta biyu ita ce a saka ƙarfe mai haske a cikin anayon. Rukunin Anja-Verena Mudring a Jamus ya haɗa imidazoliyum mai kabon 12 da anayon buromaid na yurofiyum da tabiyum da disfurosiyum, ya samu gishiri masu simektik kuma masu haske. Yurofiyum yana ba da ja a wajen nanomita 612 zuwa 615, tabiyum kuma kore a wajen 545, kuma launinsu tsaf yake saboda layukan haskensu sirara ne.

Yanzu ga inda saɓanin yake. Ɗaukar lantarki yana son zafi da motsi, haske kuwa yana son sanyi da natsuwa, domin ƙwayar da ta sha haske, idan tana da damar juyawa da karkarwa, sai ta zubar da ƙarfin a matsayin zafi maimakon ta mayar da shi haske. Don haka a daidai zafin da Injiniya zai fara murmushi, haskena ya riga ya dusashe. Buromaid, wanda Malam ya ce yana cikin waɗanda suka fi ba da faɗin simektik, da ɗan'uwansa ayodaid, an san su da kashe hasken katayon masu zobba, ayodaid ya fi muni. Sa'an nan cunkoson da jeri yake kawowa yana sa zobba masu faɗi su kwanta a kan juna, kuma a yawancin rina wannan yana kashe haske. Akwai rukunin da ya saɓa wa haka, wanda Ben Zhong Tang ya bayyana a Hong Kong a 2001, inda ƙwayoyi masu siffar farfela suke ƙara haske idan sun cunkushe saboda an hana su juyawa, kuma masu bincike da dama sun ɗaura irin wannan ɓangare a jikin gishiri domin su kauce wa matsalar.

Ina ba ki shawara ki riƙa duba abu ɗaya a kowace takarda: a wane yanayi aka auna hasken? Da yawa suna narkar da ɗan kaɗan na gishirin a metanol ko asitonaitiril su auna, sa'an nan su ce sinadarin kiristal ne mai gudana mai haske. Gaskiya ne yana haske, gaskiya ne kuma yana jeruwa, amma a cikin metanol babu jeri, don haka ba a nuna alaƙa tsakanin biyun ba. Abin da jeri kaɗai zai iya bayarwa shi ne haske mai karkata ɗaya, wanda yake fitowa idan dukkan ƙwayoyin masu haske suna fuskantar gefe guda. Wannan yana da daraja, domin matacin da ke bayan allon LCD yana zubar da aƙalla rabin hasken fitilar da ke bayansa. Wurin da nake ganin ayon da haske suka fi buƙatar juna shi ne na'urar da Qibing Pei da Alan Heeger da abokan aikinsu suka gabatar a 1995, wadda ake kira LEC, inda ayon masu motsi suke taruwa kusa da elektirod su sauƙaƙa shigar caji cikin shimfiɗa ɗaya tak mai haske. Ta fi OLED, wato allo mai fitar da haskensa da kansa, sauƙin ƙerawa, sai dai tana jinkirin kamawa kuma ba ta kai ta tsawon rai ba.

Ɗalibar Sinadarai ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, na danna gilashin kamar yadda ka ce, kuma zirin hasken ya bayyana a gefen ɗigon. Daga bayanan nan na fahimci cewa gara in taƙaita aikin a kan katayon guda ɗaya da anayon uku ko huɗu, in bi yadda zangon simektik da ɗaukar lantarki suke canjawa, maimakon in yi alkawarin na'ura. Sai dai maganar bayolojen ta ja hankalina, tun da shi ne yake jure Tf2N kuma ana iya faɗaɗa shi ya yi haske. Shin ya dace in koma kansa tun yanzu? Kuma har yanzu ba a ce komai ba game da danƙon da gishirina yake yi da damina, ko yana shafar sakamakon da zan samu.

Tsohon Malami ya sake amsawa:

Yana shafarsa sosai, 'yata, fiye da yadda yawancin ɗalibai suke zato. Gishirin kuloraid da buromaid suna zuƙar ruwa daga iska, kuma ruwan yana zama ne a cikin shimfiɗar caji, daidai inda duk abin da kike aunawa yake faruwa. Yana saukar da zafin narkewa, yana iya faɗaɗa zangon simektik, har ma yana iya haifar da jeri a gishirin da busasshensa ba ya jeruwa. Yana tsinka sinadarin, sai ɗaukar lantarki ya yi tsalle ya ba ki lambar da ba ta gishirin ba ce. Idan kuma akwai yurofiyum ko tabiyum, karkarwar haɗin O–H na ruwa tana shanye ƙarfin da ya kamata ya fito a matsayin haske. Samfurin da kika auna a watan Agusta da wanda kika auna lokacin hunturu za su iya ba ki sakamako biyu alhali daga kwalba ɗaya suka fito. Ki busar da shi da ɗumi a ƙarƙashin injin zuƙe iska, ki ajiye shi a rufaffen mazubi mai sinadarin shan danshi, kuma idan akwai na'urar Karl Fischer mai auna adadin ruwa a kusa, ki rubuta adadin ruwan kowane samfuri kusa da sakamakonsa. A gwajin DSC ki dogara da zagaye na biyu na ɗumamawa, domin na farko yana ɗauke da tarihin ruwa da na yadda aka daskarar da garin. Da BF4 da PF6 kuma ki yi hattara ta wata fuska: idan suka haɗu da ruwa da zafi suna ruɓewa su saki asid HF, wanda yake cin gilashi kuma yake ƙona fata har cikin ƙashi.

Bayan musayar anayon, ki wanke samfurin har sai ruwan wankin ya daina yin gajimare idan kin ɗiga masa silba naitiret, domin ragowar buromaid kaɗan ya isa ya canja zafin sauyin yanayi kuma ya rage haske.

Game da bayolojen, ina ganin ki bar shi ya zama kashi na biyu na aikin. Haɗa mai sarƙoƙi biyu iri ɗaya ba shi da wuya, amma mai sarƙoƙi mabambanta, wanda shi ne ya fi saukar da zafin narkewa, yana buƙatar matakai biyu da tacewa mai kyau a tsakaninsu, mai tayofin kuma yana buƙatar haɗi da ƙarfen faladiyum mai tsada. Ki kuma sani cewa mafi ƙanƙantar ɗan wannan gida, mai metil biyu, shi ne farakwat, maganin kashe ciyawa da manomanmu suka sani, wanda yake lalata huhu idan ya shiga jiki, don haka ki ɗauki duk danginsa da safar hannu da takunkumi, kuma kada ruwan wankinsu ya bi kwata. Kafin nan, ki samu setilfiridiniyum kuloraid, wanda ake sakawa a ruwan kurkure baki kuma masu sayar da sinadarai suna da shi da araha. Shi ma kabon 16 ne, daga gidan da Knight da Shaw suka yi aiki a kai, kuma zai ba ki abin kwatanci na biyu a gefen imidazoliyum ɗinki: jela ɗaya, kai daban. Da shi za ki horar da idonki a kan madubi, ki kuma gwada elektirod ɗinki ta alkiblu biyun da Injiniya ya ambata kafin ki taɓa Tf2N ɗin da za ki saya da tsada.